Taliyar da Inna Ta Ajiye wa Isuhu

Har yau idan aka tayar da zancen shekarar da Inna ta rasu, akwai masu cewa a nan Buza wai na ɓoye abincin matacciya a cikin firigo, injin sanyin nan, kamar mai haɗa wani asiri, wasu kuma su ce rowa ce ta hana ni fitar da shi sadaka. Na san kun ji, kuma na lura babu wanda ya taɓa tambayata a cikinku, ko don kunya ko don tsoron bakina. To, zan faɗa muku da kaina tun ina da sauran ƙarfi, musamman ke Mama, ɗiyar ƙanena Isuhu, tunda ranar sunanki abin ya soma, kina naɗe cikin zane ba ki san wainar da ake toyawa ba.

Inna, mahaifiyata, mutuniyar wani ƙauye ce ta wajen Keita. Tana cikin matan da suka yi ta ɗaukar duwatsu a ka suna jera su a jikin tuddai don a tare ruwa, a shekarun da ƙasa ta ƙi noma. A can dutse ya faɗo mata a babban yatsa na dama, ya warke a baje, mai faɗi, farcen bai sake fitowa daidai ba. Da wannan yatsa take murza taliya. Ku ƴan yanzu kun fi sanin ta butik, ta kanti, mai zuwa cikin leda, amma tata ta hannu ce: ta kwaɓa fulawa da tauri, ta zauna da faifai a cinya, ta riƙa tsinko ɗan kaɗan tana murzawa tsakanin yatsu biyu yana faɗawa, tana hira, ba ta ko dubawa. Ta kowace mace takan fito da tsini a gefe biyu. Ta Inna kuwa gefe ɗaya tsini, ɗaya gefen a latse, domin nan ne yatsan nan yake sauka. Idan ta shanya ta bushe, sai ta soya ta a man gyaɗa har ta yi ja, ta kusa ƙonewa, sannan ta zuba albasa mai yawa da tattasai da ɗan ruwa ta rufe. Aibinta ɗaya, hannunta yana da nauyi wajen gishiri. Gwaggo Delu, ƙanwar babanmu, wadda take abokiyar wasanta tun ranar da aka kawo ta amarya, ta yi shekara da shekaru tana yi mata tsiya a kan haka, tana ci tana mita, kuma ban taɓa ganin ta bar ko ƙwara ɗaya a kwano ba.

Akwai wata al'ada da Inna ta riƙe, wadda ta gada wajen tata uwar. Ƙasarmu ƙasar matafiya ce, da an gama kaka maza sun kama hanya, wasu sai damina, wasu sai bayan shekaru. Duk ranar da aka yi girki mai daɗi, kafin ta zuba wa kowa, sai ta fara zuba wa wanda ba ya gida a kwanonsa, ta rufe. In an gama ci, sai a kai kwanon ga wani baƙo da ya sauka a masallaci, ko wata tsohuwa maƙwabciya. Takan ce in ka ciyar da ɗan wani a nan, Allah zai sa wani ya ciyar da naka a can. Ta yi wa babanmu haka har ya bar duniya, sannan ta koma yi wa Isuhu, autanmu, wanda na girme shi nesa ba kusa ba, har ni na goya shi. Kwanonsa wata tsohuwar langa ce koriya, murfinta ya ɓantare a baki, duk unguwa an san ta.

A wannan shekara Inna tana zaune a gidana, tsufa ya kama ta. Kafin nan da kaɗan ne maigidana, babanku Malam Idi, ya zo mini da firigo daga Madawa, irin mai kwanciya kamar akwati, wanda wani ya yi amfani da shi ya sayar. A kan kamyon, babbar motar albasa, aka ɗoro shi, har ya daɗe yana warin albasa. Na soma ɗaura ruwa da zoɓo a leda ina sayarwa, kuma ba yabon kai ba, ƙanƙarata ta yi suna, domin ba na fitar da ita sai ta yi tauri sosai. Inna ba ta yarda da shi ba ko kaɗan. A wajenta abincin da ya kwana ɗaya ɗumame ne, wanda ya wuce haka na awaki ne. Takan ratse shi in za ta wuce, ta ce abin da yake gurnani dare da rana ba ya ci ba ya sha, ba ta ga dalilin amince masa ba.

Ni kuwa kun san halina, in aka ce mini abu ba ya yiwuwa sai na gani. Wata Juma'a ta soya taliya ta ragu, na bari ta huce sarai, na yayyafa mata ɗan mai don kada ta manne, na zuba a leda, na matse iskar, na ɗaure, na baje ta na jefa can ƙasa ban gaya wa kowa ba. Sai da wata ya mutu wani ya tsaya sannan na ɗauko. Na sa mai a kasko da albasa, na juye ta a daskare, na yayyafa ruwa na rufe, da ta saki na fasa ƙwai a kai na juya. Na kai wa Inna. Ta ci loma ɗaya ta ce wa ya shiga ɗakinta ya taɓa mata taliya. Na ce babu, ta Juma'ar nan ce da Gwaggo ta ce gishirinta zai kashe mutum. Ta ajiye hannu. Ta ɗauki ƙwara ɗaya ta kai kusa da ido, ta shinshina, ta sake ci. Sannan ta tashi da sandarta ta je gaban firigon nan da take ratsewa, ta ɗora tafin hannu a kansa ta daɗe.

“Ikon Allah,” in ji ta a hankali. “Rabi, ashe ana ɗaure rana a aje ta?”

Na yi dariya a lokacin, amma maganar ba ta bar ni ba. Ni ma da nake tinƙaho da shi, ban taɓa tsayawa na yi tunanin abin da yake yi ba sai da tsohuwar nan ta faɗa. Muna garin da nono yake tsami kafin azahar, nama ya sauya kafin la'asar, ga kuma abincin watan jiya a gabanmu da ƙamshinsa kamar yanzu aka sauke. Daga ranar ragowar taliya ba ta sake zuwa wajen awaki ba. Wani lokaci in zuba ta cikin romo, wani lokaci in haɗa ta da wake, ran da aka yi baƙo ba shiri in soya ta da ƙwai, Inna tana zaune tana kallo, kowane karo kamar ba ta taɓa gani ba.

Isuhu ya tafi Abijan bayan kaka ya bar matarsa Zali da ciki. Cikin sanyi ta haihu a gidan iyayenta nan unguwarmu, mace, aka ce za a sa mata sunan Inna, shi ya sa muke ce miki Mama. Girkin dangin uba a gidana aka yi. An dafa shinkafa da makaroni na taro, amma Inna ta riga ta yi makonni tana murza tata, ta ce tukunyar nan ba mai taɓa mata. Ta zauna a kan kujera ƴar tsugune ta soya da kanta, hayaƙi yana sa ta tari, ta ƙi tashi. Da ta sauke, ta fara zuba wa Isuhu a langarsa kamar yadda ta saba. Da yamma taro ya watse, na ɗauki langar zan aika masallaci, sai ta riƙe mini wuyan hannu.

“Wanga karo ba a kai shi waje. Sa mani shi cikin akwatin naki. Na gaji da cida baƙi da sunanai. Sunan ɗiyatai na, in shi zo shi ci rabonai da bakinai, ina kallo.”

Na yi mata yadda na saba, na ɗaure a leda biyu don ƙarin tsaro, na mayar cikin langar na rufe, na sa a can ƙasan firigo a kusurwa. Ban ɗauke shi wani babban abu ba, tunda Isuhu ya ce yana tafe kafin ruwan fari. Sai dai da zafi ya soma shigowa zazzaɓi ya kwantar da Inna. An kai ta likita an dawo, ba ta wani sha wahala ba, jikin ne kawai ya gaji. Wata rana da hantsi ina ba ta kunu ta tambaye ni ko kwanon yaron nan yana nan. Na ce yana nan. Ta ce to in ba shi da hannuna, kada in aika kowa. Ba ta sake wata doguwar magana ba, bayan la'asar Allah ya karɓi abarsa.

Na yi kuka irin wanda ban san ina da shi ba. Amma Isuhu da aka kira shi a waya bai yi ba. Ya yi salati, ya tambayi wanda ya yi mata salla, ya yi godiya kamar wanda ake ba labarin wata tsohuwar unguwa. Wannan ya fi kukan tayar mini da hankali, domin ni na goya shi, na san in ya yi irin wannan shirun abin ya shige ciki ne. Gadin wani shago yake yi a can, mai shagon ya yi tafiya ya bar masa amanar komai, ba shi da halin motsawa ko da ya so.

Cikin kwanakin zaman makoki ne maganar ta fita. Wata mata cikin masu gaisuwa ta buɗe firigo za ta ɗauki ruwa, ta tona har ƙasa don neman mai sanyi, ta ga koriyar langa. Ta tambaya, ni kuma ban iya ƙarya ba, na faɗa mata gaskiya. Kafin a yi sadakar bakwai duk Buza ta ji. Gwaggo Delu ta same ni a ɗaki ranar da ake raba tufafin Inna, ta ce abin da mamaci ya bari fitar da shi ake yi, balle abinci, a ba mabukata ladan ya iske ta. Ta ce ba a taɓa yin haka ba a danginmu, mutum yana ƙasa tukunyarsa tana sama. Na ce mata da can ma ba a taɓa yin firigo a danginmu ba. Ta ce bakina ne zai kai ni ya baro. Malam Idi, shi mai son zaman lafiya ne, ya je ya tambayi malamin unguwa bayan sallar la'asar, ya dawo ya ce malam ya ce abinci abinci ne, bai zama haram don mai dafa shi ta rasu ba, kuma saƙon da aka ba ka ka isar. Amma ya ƙara da nasa, ya ce malam ba shi zai sayi ƙanƙarata ba, in yi tunani.

Gaskiyarsa kuwa. Azumi ya kama cikin tsakiyar zafi, lokacin da mai ƙanƙara take cin shekararta. A da tun la'asar ƙofar gidana take cika da kwanoni da kuloli. Wannan karon sai tsit. Mata suka ce ba za su buɗe baki da ruwan da ya kwana da abincin mamaciya ba. Wasu sun ce zoɓona ya soma wani ɗanɗano, alhali zoɓon nan ne na kullum. Har waɗanda muka tashi tare suka riƙa zagayawa ta bayan gida su je can wajen tasha su saya. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba. Kun tuna sallar da ba ku sami sabon ɗinki ba, kuka sa na bara, ɗayarku ta ƙi fita yawon salla don fushi? To ga dalilin. Da na fitar da langar nan na wanke firigon a gaban mutane, da washegari sun dawo. Na sani sarai. Amma duk lokacin da na ɗaga murfi na hango koriyar langa, sai in ji riƙon Inna a wuyan hannuna. Don taurin kai kuma ban daina ɗaura ruwa ba. Kullum in ɗaura in jera, ba mai saye, har firigo ya cika maƙil da ƙanƙara, murfin ma da ƙyar yake rufuwa.

Ana cikin haka Isuhu ya kira, ya ce mai shagon ya dawo, amma shi ya fasa zuwa bana. Ya ce a ba wani gonar ya noma, zai riƙa aiko wa Zali abin da ya samu. Na san wannan magana, na ji ta a bakin maza da yawa, daga ita sai a yi shekaru, ɗiya ta girma ba ta san fuskar ubanta ba.

“Yaya, mi za ni zo in iske? Ɗakinta ruhe. Ban ga hwuskarta ba, ban ɗauki makararta ba.”

“Inna ta bar maka saƙo,” na ce. “Ta ce in ba ka hannu da hannu. Ba shi aikuwa, ba shi hwaɗuwa cikin waya. In kana so ka zo, in ba ka so in sani.”

Ya yi ta tambaya mene ne, na ƙi faɗa. Ina dalili? Kwanon taliya in ka faɗe shi a waya ba komai ba ne. Da ya ce in ba yara su ci, shi ke nan magana ta ƙare. Ya ce zai duba. Na ajiye waya ina zullumi, domin ni kaina ban taɓa ajiye wani abu ya daɗe haka ba. Ban sani ba ko zan taso yaro daga bakin teku in buɗe masa abin da ya lalace. Kullum da safe kafin in ɗora ruwan zafi sai na je na taɓa jikin firigon na ji yana gurnaninsa, sannan hankalina ya kwanta.

Bayan ƙaramar salla hadarin farko ya taso da rana tsaka, da iska mai ƙarfi wadda ta kwashe rufin mutane ta kayar da turakun wuta a kan hanya. Kuran, wato lantarki, ya ɗauke. Mun saba da ɗaukewar wuta, ta tafi ta dawo, amma wannan karon aka ce sai an kawo sababbin turaku, ba a san rana ba. Ruwan bai wani sauka ba, zafi ya dawo ya fi na da. Na tattaro duk bargunan gidan nan na lulluɓe firigo, Malam Idi ya kawo buhunan albasa na jiƙa su na ɗora a kai, na rufe tagar ɗakin, na ce duk wanda ya ɗaga murfin nan ni da shi ne. Da aka kwana biyu ƙanƙara ta ƙare a gari kakaf. Sai ga su, su ɗin nan dai masu zagayawa ta bayan gida, suna sallama da kwanoninsu, wai sun ji akwatina a cike yake. Har yau ina mamakin ɗan Adam. Na ce musu ba na buɗewa, domin ɗagawa ɗaya sanyin zai fita, kuma ƙanƙarar nan ita ce take riƙe da langar. Nan ne aka samo sunan rowa da ake bi na da shi.

Sai suka je suka ɗauko Gwaggo Delu, tunda sun san ita kaɗai take iya tanƙwara ni. Ta shigo da faɗanta tun daga zaure. Na ja ta cikin ɗakin, na rufe ƙofa, na faɗa mata abin da ban faɗa wa kowa dalla-dalla ba, yadda Inna ta riƙe mini hannu ranar suna, da abin da ta ce, da tambayar da ta yi mini ranar da za ta tafi. Gwaggo ta saurara har na gama. Ta dubi tulin bargunan nan, ta gyara zanenta, ta dafa, ta hau kan firigon ta zauna, ƙafafunta suna reto. Ta sa aka buɗe ƙofa.

“Ku tahi gida,” ta ce da matan. “Bayana ka ciwo, nan ɗai nis samu wuri mai sanyi. Wadda ka son ƙanƙara ta zo ta ɗaga ni.”

Babu wadda ta gwada. Kullum ta zo da safe da carbinta ta hau, sai magariba ta sauka, a kai take cin abinci, a kai take gyangyaɗi, kuma ba ta fasa gaya mini cewa ni mai taurin kai ce ba. Ni kuwa ina ganin ruwa yana ɗiga ta ƙasan firigo yana bin daɓe, kowane ɗigo ina jin sa a raina. Na daina cin abincin kirki. Ina roƙon Allah a kan kwanon taliya, ina jin kunyar roƙon, ina kuma sake yi.

Wata safiya muna zaune sai muka ji gurnani a ƙarƙashin Gwaggo. Ta zabura ta sauko, ashe wuta ce ta dawo. Na bari ya ɗan yi aiki, sannan na yaye barguna na ɗaga murfi da bisimilla. Ledojin sama duk sun koma ruwa. Na riƙa kwashewa ina miƙa mata, na tsakiya sun narke rabi, ina ƙara yin ƙasa hannuna yana ƙara jin sanyi, har na kai inda ƙanƙara take manne da juna ba ta ko motsa ba. A tsakiyarta ga langa, farin sanyi ya rufe murfinta. Na buɗe na ƙwanƙwasa ledar da yatsa, ta amsa da tauri. Sai na zauna a ƙasa cikin ruwan. Ku duba fa. Da mutanen gari sun sayi ƙanƙarata cikin azumi, da iskar nan ta iske firigo rabinsa wofi, da taliyar Inna ba ta kai ko'ina ba. Gudun da suka yi mini, wanda na kwana ina jin zafinsa, shi ne ya tara abin da ya tsare ta. Sai na shiga tasbihi. Wasu cikin masu sayen nan ba su dawo ba har yau, kuma tun daga wannan safiya ban sake jin haushinsu ba.

Isuhu ya iso an riga an yi shuka, gero ya fito ana shirin noman fari. Ya rame, ya yi baƙi. Ya gaisa da kowa, ya karɓi ɗiyarsa ya riƙe ta a ɗarare kamar ta wani. Malam Idi ya raka shi maƙabarta, suka dawo idonsa a bushe, yana ba da labarin lalacewar hanya da yawan shingaye. Ko ɗakin Inna bai kalla ba. Ya zauna a tabarma a tsakar gida, Zali tana gefe da jaririya, Gwaggo tana jingine da bango, ya ce to Yaya, ina saƙon, domin yana so ya san ko zai juya kafin mako ya fita. Na ce ya bari ya ci abinci tukuna.

Na shiga madafa. Na ɗora kasko, na zuba mai kaɗan, na yanka albasa rabi kawai don kada tawa ta rufe tata. Ban sa gishiri ba, ban sa ƙwai ba, ban ƙara komai ba. Na kwance ledar na juye dunƙulen a daskare, na yayyafa ruwa, na rufe, na rage wuta. Na tsaya ina jin yadda yake saki a hankali. Da na ɗaga murfi, ƙamshin nan ya buge ni, na taliyar da aka soya har ta kusa ƙonewa, wanda ban ji ba tun ranar suna, wanda na ɗauka ya tafi tare da mai shi. A waje na ji hira ta tsaya. Na juye a koriyar langa na rufe da murfinta mai ɓantare, na kai na ajiye a gabansa da hannuna.

Ya dubi langar, wataƙila ya ɗauka don tunawa na zuba masa a ciki. Ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya kai loma. Ya tauna sau ɗaya ya tsaya. Ya sa yatsu ya ɗauko ƙwara ɗaya, ya ɗora a tafin hannu, ya juya ta, gefe ɗaya tsini, gefe ɗaya a latse.

“Yaya, wa yam murza wagga?”

“Ka san wadda tam murza. Ita tas soya, ita taz zuba maka ran sunan ɗiyarka, kahin ta zuba ma kowa. Ta ce rabonka na.”

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Sannan ya ɗora babban yatsansa a daidai inda nata ya latsa, kafaɗunsa suka soma rawa, kukan da ya riƙe tun daga Abijan ya zo gaba ɗaya. Ba wanda ya ba shi haƙuri, muka bar shi ya yi. Da ya lafa ya share fuska, ya miƙa hannu ya karɓe ki daga wajen Zali, wannan karon ya rungume ki sosai. Ya murƙushe ƙwara ɗaya tsakanin yatsunsa ya sa miki a baki. Abin da kika fara ci ke nan a duniya bayan nono da kunu, Mama, abincin sunanki, daga hannun mai sunanki. Kika yamutsa fuska, kika haɗiye, kika buɗe baki kina neman ƙari. Ya tambayi Malam Idi ko hauyarsa ta noma tana nan inda ya bar ta, aka ce tana nan.

Sai ya tura langar tsakiyar tabarma ya ce kowa ya sa hannu. Muka ɗiba kaɗan kaɗan don ta zagaya. Gwaggo Delu ce ta ƙarshe. Ta matso, ta ɗauki lomarta, ta daɗe tana taunawa da sauran haƙoranta, tana kallon ƙofar ɗakin Inna.

“Matar Yaya,” ta ce, “hal yanzu ba ki iya sa gishiri ba.”

Ta ja mayafi ta rufe fuskarta, ɗaya hannun kuma ta sake miƙa shi cikin langar.